Hukuncin Dobbs: yadda dokar zubar da ciki ta koma hannun jihohin Amurka

Ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973 da na Casey na 1992. Waɗannan biyun ne suka hana kowace jiha haramta zubar da ciki kafin ɗan tayi ya kai ga iya rayuwa a wajen mahaifa, wato kusan mako 24. Shari'ar, wadda ake kira Dobbs, ta taso ne daga dokar jihar Mississippi ta 2018 da ta tsayar da iyaka a mako 15. Alƙalai 6 cikin 9 suka goyi bayan dokar, 5 kuma suka ce a tumɓuke Roe gaba ɗaya. Hujjar Mai Shari'a Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin, ita ce kundin tsarin mulki bai ambaci zubar da ciki ba, kuma haƙƙin ba shi da tushe a tarihin ƙasar.

Kotun ba ta haramta komai da kanta ba, ta miƙa wuƙa da nama ne ga majalisun jihohi. Jihohi 13 dama sun tanadi dokokin haramta zubar da ciki da za su fara aiki da zarar Roe ta faɗi. Jojiya, Fulorida da Kudancin Karolina sun tsaya a mako 6, kuma a nan ne lissafi ke yaudarar mutane. Likitoci na ƙirga ciki ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, don haka mako 6 bai wuce mako biyu da ɓatan wata ba. Mata da yawa ba su ma san sun samu ciki ba a lokacin.

Inda gizo ke saƙar shi ne togaciyar ceton ran uwa, wato sashen dokar da ya yarda a zubar da ciki idan ran uwa na cikin haɗari. A Texas likita ake hukuntawa, ba matar ba: ɗauri har na rai da rai, tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisi. A ce faya ta fashe a mako 18. Ɗan ba zai rayu ba, amma zuciyarsa na bugawa, uwar kuma ba ta fara zazzaɓi ba tukuna. Shin ranta na cikin haɗari a idon doka? Sai likita ya nemi lauyan asibiti, ana jira ƙwayoyin cuta na shiga jini. Mai ɓari ma kan faɗa wannan tarko, tunda magani da wankin cikin duk iri ɗaya ne. Sai a 2025 majalisar Texas ta yi wa togaciyar gyaran fuska.

Masu jefa ƙuri'a ma sun sa baki. A Agustan 2022 kusan kashi 59 na mutanen Kansas suka ƙi cire kariyar haƙƙin zubar da ciki daga kundin jiharsu. A Fulorida kuwa kashi 57 suka nemi kariyar a 2024, amma ta faɗi, domin 60 doka ke nema.

Yanzu rigimar ta karkata kan ƙwayoyin mifepristone da misoprostol, waɗanda da su aka yi kusan kashi 63 na zubar da ciki a 2023. Jihohi irin su New York da Massachusetts sun kafa dokokin kare likitocinsu da ke aika maganin ta gidan waya zuwa inda aka hana. Louisiana kuma ta sa magungunan biyu cikin jerin waɗanda ake tsaurara wa iko tun Oktoban 2024.