Waiwaye: tun yaushe ake ce mana mu sayi bindiga mu kare kanmu?

Duk lokacin da aka kai wani mummunan hari a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato sai maganar nan ta sake tasowa, wai a bar kowa ya mallaki bindiga kawai a huta. Ni kam ba na ganin laifin mai faɗin haka, wanda aka kashe wa ɗa ko aka ɗauke wa mata ba ka da bakin ba shi haƙuri. Amma maganar ba yau ta fara ba, kuma mun riga mun ɗanɗana wani ɓangarenta.

Bindiga dai ba baƙuwa ba ce a ƙauyukanmu. Na tashi na ga ta kawuna rataye a zaure, irin ta maharba da ake ce wa harba-ka-ruga, in zai fita sai ya ɗura albarushi ta baki, ya cusa tsumma ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba 'yan guntayen ƙarafa ya sake dannawa, duk wahalar nan ta harbi ɗaya ce tak. Don gada da zomo da ɓarawon akuya ta wadatar. Dokar bindiga ta Najeriya kuwa tun 1959 take, ta kasa su uku: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin su mai baki biyu lasisinsu na hannun Sufeton 'yan sanda, ta maharba kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wato ko ka bi layi ka cike fom ka samu lasisin, AK47 ba ta cikin rabonka, alhali wanda zai zo maka da dare ita ce a kafaɗarsa.

Abin ya sauya ne wajen 2011, satar shanu ta yi ƙamari a dazukan Zamfara, ga gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya makamai suna gangarowa ta Nijar. Mutanen gari suka gaji, aka kafa 'yan banga, daga baya 'yan sa-kai suka fito. Da farko kowa murna yake. Sai aka fara kama Bafulatani a kasuwa a ce ɓarawo ne a kashe shi nan take ba alƙali ba shaida, wani da laifinsa wani kuwa saniya kawai ya kawo sayarwa, 'yan uwansu kuma suka sayar da shanu suka sayi manyan bindigogi suka koma daji. A watan Afrilun 2014 'yan sa-kai daga garuruwa da dama suna taro a 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru 'yan bindiga suka auka musu a kan babura, sama da mutum 100 suka mutu, kuma da yawansu fa da makamansu suka je taron. A Oktoban 2021 ma haka, 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, ba a jima ba aka buɗe wa kasuwar Goronyo wuta, sama da mutum 40 suka mutu, masu saye da sayarwa da ba su san hawa ba balle sauka. Daga baya gwamna Tambuwal ya haramta 'yan sa-kan.

Abin da ke ci min rai shi ne masu ce mana mu tashi tsaye ɗin. A Maris 2018 Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo cewa jama'a su kare kansu. A Fabrairun 2021 bayan sace ɗaliban Kagara ministan tsaro Bashir Magashi ya ce mutane su daina ragwanta. Masari ya ce Katsinawa su nemi bindiga a shekarar dai. A Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 na Zamfara, sai babban hafsan tsaro Janar Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, a 2023 kuma Sufeton 'yan sanda ya dakatar da ba da lasisin ma gaba ɗaya. Duk waɗannan mutane ne da ke kwana da masu gadi a ƙofa, a ce maka sayi, ka saya a kama ka.

Masu goyon baya sukan kawo misalin Maiduguri, kuma gaskiya ne 'yan ƙato da gora sun taimaka ƙwarai wajen korar Boko Haram daga cikin gari a 2013. To amma da gora da adda suka fara, ƙarfinsu shi ne sun san ɗan unguwa sun san baƙo, ga soja a bayansu. Kusan wannan ne Dikko Raɗɗa ya so kwaikwaya da jami'an tsaron al'umma na Katsina a Oktoban 2023, Dauda Lawal ma ya ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, an ɗauki sunan kowa, an horar, akwai albashi, akwai wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Wannan daban, bindiga a hannun mutum ɗaya a ƙarƙashin gado daban. Ku tuna Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano bikin sallah, bindigogin farautar da aka gani a motarsu ne aka kafa hujja da su aka ƙone su.

Ta kawuna har yanzu tana nan, amma ta bar zaure. Tun da labari ya zo cewa in 'yan bindiga suka shiga gari gidan da aka ce akwai bindiga suke fara nema, ya naɗe ta a buhu ya tura ƙarƙashin rumbu. Bara da kaka da shi aka haɗa kuɗin da suka aza wa garin kafin a bar su su girbe gero.