Tsohon wuskin hatsi na Sikotilan

Wuskin hatsi, wanda masu sana'ar ke kira single grain (wato "hatsi guda"), barasa ce da ake yi a masana'anta guda daga alkama ko masara, haɗe da ɗan sha'ir da aka tsirar. Sunan yana ruɗar mutane, domin masana'antar ce guda ɗaya, hatsin kuwa yakan kai iri biyu ko fiye. Dokar 2009 ta wajabta a ajiye shi cikin gangar katakon oak a Sikotilan aƙalla shekara 3.

Tarihi

Asalinsa na'ura ce. A wajen 1826 Robert Stein ya ƙera na'urar tace barasa mai aiki ba tsayawa, sai Aeneas Coffey, tsohon jami'in harajin barasa a Ayilan, ya inganta ta, ya yi mata rajista a 1830. Tukunyar tagulla ta gargajiya sai an cika ta, an dafa, an juye. Ta Coffey kuwa dogayen bututu ne biyu da tururi ke ratsawa dare da rana, ana samun barasa mai yawa, mai araha, marar kaifin ɗanɗano. 'Yan kasuwa irin su Andrew Usher na Edinburgh suka shiga gauraya ta da wuskin sha'ir zalla, musamman bayan dokar 1860 da ta ba da damar gaurayawar, a 1877 kuma masana'antun hatsi 6 suka haɗu suka kafa Distillers Company.

Masu wuskin sha'ir sun ce wannan ba wuski ba ne. Rigimar ta kai kotu a Islington da ke Landan a 1905, kafin hukumar bincike ta masarauta ta yanke a 1909 cewa ya cancanci sunan.

Tsufa da ɗanɗano

Ana tace shi har ƙarfin barasarsa ya kai kusa da kashi 94.8 cikin ɗari, iyakar da doka ta sa, don haka yakan fito da ɗan ƙamshin hatsi kaɗan. Shi ya sa ganga ke da ta cewa. Akasari ana zuba shi a gangunan oak na Amurka da aka taɓa ajiye wuskin bourbon a ciki, katakon kuma yana sakin zaƙinsa sannu a hankali. Mai ƙarancin shekaru yakan yi zafi a maƙogwaro, amma wanda ya shekara 30 ko 40 yakan yi laushi, da ƙamshin banila, kwakwa da ƙonannen sukari. Kimanin kashi 2 cikin ɗari na abin da ke gangar yana bin iska kowace shekara, abin da ya rage sai ya ƙara kauri.

Wani abin da ke jan masu tara shi shi ne masana'antun da suka mutu. An rufe Carsebridge a 1983, Caledonian a 1988, Cambus a 1993, Dumbarton a 2002, Port Dundas kuma a wajen 2010. Duk gangar da aka juye daga cikinsu ba mai maye gurbinta. Yawancin tsofaffin nan ma da masara aka yi su, kafin a karkata ga alkama a shekarun 1980. Ana saɓani kan ko tsohon wuskin hatsi yana kai zurfin ɗanɗanon wuskin sha'ir.

Yau

Mafi yawansa har yanzu gauraye yake tafiya. Cameronbridge, Girvan, Invergordon, North British da Strathclyde suna cikin masana'antun da ke aiki.