Cuɗanyar ɓoyayyun sifofi da bayyanannu a tsarin SEM

A ilimin ƙididdiga, ɓoyayyiyar sifa ita ce wadda ba a iya auna ta kai tsaye, kamar yarda ko gamsuwa, sai ta hanyar alamomi, galibi amsoshin tambayoyi. Bayyananniya kuwa ana auna ta kai tsaye: shekaru, faɗin gona, kuɗin shiga. Tsarin SEM (Structural Equation Modeling), wato hanyar nazarin yadda sifofi ke tasiri kan juna, yana haɗa su cikin jerin lissafi guda, yana ware kuskuren awo gefe. Ana cewa akwai cuɗanya idan ƙarfin tasirin ɗaya ya dogara da matsayin ɗayar.

Misali, mai bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato zai iya tambaya ko yardar manoman shinkafa na Goronyo da malamin gona tana sa su karɓi sabon iri. In tasirin yardar ya fi ƙarfi ga masu manyan gonaki, to akwai cuɗanya.

Tarihi

Tushen ya faro daga binciken Charles Spearman na 1904 kan ɓoyayyun sifofi, da nazarin hanyoyin tasiri na Sewall Wright a wajajen 1920. Karl Jöreskog na Suwidin ya haɗe biyun a manhajar LISREL a farkon shekarun 1970, sai dai tasiri miƙaƙƙe kawai tsarin ke ɗauka, wato ban da cuɗanya.

David Kenny da Charles Judd ne suka buɗe ƙofa a 1984. Dabararsu: a ninka alamomin sifa ɗaya da na ɗayar, sakamakon ya zama alamomin cuɗanyar. Hikima ce babba, amma tana buƙatar sharuɗɗan lissafi masu wuyar rubutawa, shi ya sa ta daɗe ba ta yaɗu ba. Jöreskog da Yang sun nuna a 1996 cewa dole a saka matsakaicin awon kowace sifa cikin lissafin. A 2004 Marsh, Wen da Hau suka sauke yawancin sharuɗɗan, abin da ya kawo sauƙi ƙwarai.

Wata hanya dabam ta fito daga Jamus a 2000, inda Klein da Moosbrugger suka gabatar da hanyar LMS (Latent Moderated Structural Equations). Ba ta ninka alamomi, kai tsaye take fuskantar gaskiyar cewa sakamakon ninka sifofi biyu ba ya bin rarrabuwa mai siffar ƙararrawa, wadda yawancin awo ke taruwa a tsakiya, kaɗan a gefe biyu.

Yadda ake yi

In bayyananniyar sifar lamba ce, kamar hekta, ana cire matsakaici daga kowane awo, sannan a ninka ta da kowace alamar yarda. In rukuni ce, kamar maza da mata, ana raba mutanen da aka yi wa tambaya a gwada tasirin a kowane ɓangare, bayan an tabbatar tambayoyin abu ɗaya suke aunawa ga kowa. Wannan tabbatarwar wajibi ce, musamman in an yi wa wasu tambaya da Hausa, wasu da Fulatanci.

Manhajoji

Manhajar Mplus na yin LMS da umarnin XWITH. A manhajar R akwai kayan aikin lavaan da semTools, kyauta.

Saɓani

LMS ta fi gano cuɗanya in alamomi sun bi rarrabuwar ƙararrawa. In sun karkace, wasu masana sun fi amincewa da ninka alamomi.