Dokar sunan Champagne: wa ta hau kansa, wa ba ruwanta da shi?

Wata ƙanwata mai harkar abincin biki ta turo mini saƙo hankali a tashe. An gaya mata wai Faransa ta haramta kiran kowane abin sha "shamfen", kuma duk wanda ya fasa wannan lemon inabi mai kumfa da ake buɗe wa amarya da ango, ya kira shi da sunan, ana iya maka shi a kotu. Har da bidiyon gwangwanaye ana murƙushe su aka haɗa mata, wai shi ne hujja.

Bidiyon gaskiya ne, fassarar ce aka murguɗa. A 2023 jami'an kwastan na tashar ruwan Antwerp a Beljiyam sun tsare gwangwani 2,352 na giyar Miller High Life ta Amurka, aka lalata su. Laifin kayan bai wuce kirarin da ke jikin gwangwanin ba, inda kamfanin ke kiran hajarsa shamfen ɗin giyoyi. Kaya ne na sayarwa da ya shigo Tarayyar Turai da sunan da ba nasa ba, shi ke nan.

Champagne, wato shamfen, sunan yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, wajen biranen Reims da Épernay, inda ake yin giyar inabi mai kumfa da ke ɗauke da sunan. Ni ba mashayi ba ne, addinina ma ya raba ni da abin, amma yadda manoman wurin suka tsare sunansu ya isa a tsaya a duba. A 1911 sun yi bore, suka ƙona rumbunan 'yan kasuwa a garin Aÿ, saboda ana sayo inabi mai araha daga wasu wurare ana sayar da giyar da sunan yankinsu. Dokar 1927 ta shata iyakar gonakin, kimanin hekta 34,000, a 1936 kuma sunan ya samu cikakkiyar kariya. A ƙa'idar yau sai inabin wannan yanki, a tsinke shi da hannu, kumfar ta tashi a cikin kwalbar kanta, a ajiye aƙalla wata 15. In za a rubuta shekara a jikin kwalba, dole inabin ya zama na kakar wannan shekara, ajiyar kuma ta kai shekara 3. Dom Pérignon, wata fitacciyar giyar Champagne wadda aka raɗa wa sunan wani malamin coci na Hautvillers da ya rasu a 1715, irin wannan mai shekara kaɗai ake yi, kuma ta fari ta kakar 1921 ce. A shekarar da inabi bai yi kyau ba, haƙura suke yi.

Waɗanda dokar ta hau kansu su ne masu yin kaya, masu shigo da shi da masu tallarsa. Mai saye da mai magana a zaure ba sa ciki.

Ba ta kuma hana kowa yin giya mai kumfa ba. Sifaniya na yin tata tana kiranta Cava, Italiya na da Prosecco, a cikin Faransar ma akwai Crémant. Suna kawai aka ce kowa ya nemi nasa. Wanda ya yi amfani da sunan da ba nasa ba a Faransa yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 2 da tarar Yuro 300,000, ban da ƙwace kaya.

Inda mutane ke rikicewa shi ne sashen da ya hana ko da tuna wa mai saye sunan. Ba sai ka yi jabu ba, ba ma sai kayanka sun zama abin sha ba. In tambarinka ya sa mutum ya tuno Champagne, ka ci riba da martabar da wasu suka gina, to ka shiga ciki. Da wannan ne kotun Faransa ta hana kamfanin Yves Saint Laurent kiran turarensa Champagne a 1993, ya koma Yvresse. A 2021 Kotun Tarayyar Turai ta ce kariyar na iya shafar har sunan wurin cin abinci, a shari'ar wasu shaguna na Sifaniya masu suna Champanillo. Rubuta "irin na Champagne" ko "salon Champagne" ma ba ya fitar da kai. Kwamitin masu sana'ar, wanda aka kafa a 1941, shi ke bin waɗannan shari'o'i ƙasa ƙasa, kuma ba ya gajiya.

A nan ne nake ganin an ɗan wuce gona da iri. Akwai wani ƙauye a Suwizalan, shi ma sunansa Champagne tun kaka da kakanni, yana yin giyarsa marar kumfa. Yarjejeniyar ƙasarsu da Tarayyar Turai ta tilasta musu cire sunan garinsu daga kwalabensu. Amurka kuwa, da yake mai ƙarfi ce, ta ƙulla yarjejeniya a 2006 da ta bar tsofaffin kamfanoninta su ci gaba da rubuta California Champagne a kasuwarsu ta gida. Rasha ma a 2021 ta yi doka cewa giyar cikin gida ce kaɗai za ta ɗauki sunan da harshen Rashanci. Ƙaramin ƙauye ne kawai bai samu mai tsaya masa ba.

Duk da haka ban ga laifin tushen dokar ba. Irin wannan rajista ce Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi a OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar suna da fasaha, don kada wani ya shanya nama a wata nahiya ya ce na Nijar ne.

Na ce wa ƙanwar tawa ta ci gaba da fasa lemonta, ta kira shi abin da ta ga dama a wurin biki. Ranar da ta buɗe kamfani ta fara ɗura nata a kwalba don kaiwa Turai, ta sake kirana kafin a buga tambari.