Waiwaye: Duniya Ta Tara Da Ake Ta Nema A Bayan Neftun

Tun 2016 masana taurari ke ja-in-ja kan ko akwai wata katafariyar duniya da ta ɓuya can bayan Neftun, duniya ta takwas cikin masu kewaya rana. A shekarar ne Konstantin Batygin da Michael Brown suka lura cewa wasu dunƙulayen ƙanƙara guda 6 masu nisan gaske sun karkata gefe guda a kewayensu, suka ce lallai wani abu mai nauyi ke jan su. Masu jin labarin yau suna ɗauka sabon zance ne, alhali ya haura shekara 100.

Da lissafi aka gano Neftun a 1846, saboda maƙwabciyarta Yuranus tana kauce wa hanyar da aka zana mata, alamar wani abu na jan ta. Kauciyar ba ta ɓace duka ba, sai aka shiga farautar wata duniyar, har Clyde Tombaugh ya ci karo da Fuluto a 1930. A 1978 aka gane Fuluto ta yi ƙanƙanta, ba ta da ƙarfin karkatar da Yuranus.

Daga nan taurari masu wutsiya suka shigo maganar. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka kawo hujjar cewa wani dutse daga sama ne ya hallaka dabbobin dinoso. A 1984 wasu masana suka ce irin wannan halaka tana dawowa duk bayan shekara miliyan 26, sai wasu suka ɗora laifin a kan ɓoyayyar duniyar nan: wai ita ke tunkuɗo taurari masu wutsiya su yi mana ruwa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1993. Kumbon Voyager 2 ya gifta ta kusa da Neftun a watan Agustan 1989, kuma daga yadda ta lanƙwasa tafiyarsa aka auna nauyinta da kyau. Ashe an daɗe ana ƙara mata kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ƙaramin adadi ne a baki, amma ya kusa nauyin duniyar Mas sukutum. Myles Standish ya zauna ya sake lissafin tafiyar Yuranus da sabon awon, sai kauciyar da ta hana masana barci ta ɓace ɓat. Babu wata ɓoyayyar duniya mai jan Yuranus. Ma'aunin ne ya yi tuntuɓe. Ba a yi wani biki ba, domin rashin gano abu ba ya cika shafin jarida.

Ni a nan nake ganin bakin zaren. Wancan karon awo ne mara kyau, wannan karon kuwa dunƙulaye kaɗan ne, waɗanda aka gano a sassan sama da aka fi leƙawa. Batygin da Brown suna cewa sun cire wannan a lissafinsu, wasu ƙungiyoyin bincike sun duba nasu bayanan ba su ga karkatar ba. Yanzu ido ya koma kan na'urar hangen nesa ta Vera Rubin da ke Chile, wadda ta saki hotunanta na farko a watan Yunin 2025, za kuma ta shafe shekara 10 tana share sararin kudu.