Me ake nufi da "gashi" ga mai shanyewar ɓarin jiki?

Tun da aka yi ranar tunawa da masu shanyewar ɓarin jiki ta duniya, 29 ga Oktoba, duk inda ka murɗa rediyo a Jos magana ɗaya ce: "a kai shi gashi". Har na ji wani yana cewa sanyin Jos ne ke daskarar da jijiya, a gasa ta kawai ta saki. Nan na kashe rediyon.

Kalmar ce ta jawo mana. Gashi a wurinmu zafi ne, tsumma da ruwan zafi a kan targaɗe, ko wankan jego da ganyen darbejiya. Da aka laƙaba wa aikin likitocin fisiyo, wato masu gyara motsin jiki ta hanyar atisaye, "gashin ƙashi", kowa ya ɗauka zafi za a kai wa ƙafar. Alhali ciwon yana can ƙwaƙwalwa, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, galibi saboda hawan jini. Shi ya sa in ɓangaren hagu na kai ya taɓu, hannu da ƙafar dama ne ke mutuwa. Ƙafar da ba ta ji sosai kuwa, ka gasa ta, ƙuna za ka bar mata.

Kawuna na Anguwar Rogo, da ɓarin jikinsa ya shanye, tafin ƙafarsa ya riƙa faɗuwa, yatsu na jan ƙasa, silifas na suɓucewa. Aka yi masa wata roba mai tauri daga bayan sha-raɓa ta lanƙwaso ƙarƙashin sawu, ana ɗaure ta a sa takalmi rufaffe a kai. Aikinta ke nan, ta riƙe idon sawu don yatsu su daina tuntuɓe.

Amma ko da robar, in yana tafiya masallaci wani ya ce "Alhaji, ina kwana", cak yake tsayawa. Sai an gama "ya iyali, ya jiki, ya sanyi" kafin ya sake ɗaga ƙafa. Mutane suka ce ladabi ne. A'a, tafiyar ce ta koma abin da sai ya sa hankali, baki da ƙafa suna rabon hankali ɗaya.

Wannan ne likitar fisiyo ke gyarawa. Takan miƙa masa kofin ruwa ta ce, "Baba, taka, kana lissafo min unguwannin Jos." Makon farko bai wuce Nasarawa Gwong ba ruwan ya zube.