Fashin baƙi: Shin da gaske Texas ta kori malaman shawara ta zuba fastoci a makarantun gwamnati?

Sau uku ke nan cikin wata guda ana turo min saƙon murya iri ɗaya a WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa cewa jihar Texas da ke Amurka ta yi doka ta sallami malaman da ke ba ɗalibai shawara a makarantun gwamnati, ta maye gurbinsu da fastoci, kuma duk uban da ya hana a kai ɗansa wurin fasto za a ci shi tara. Ta ƙarshe da ta turo min wata ƙanwata ce da ke zaune a gefen Dallas, kuma ba ta iya jira gari ya waye ba sai da ta kira.

"Yaya, don Allah faɗa min gaskiya, in cire yaran nan ne? Babansu ya ce ko da bashi ne mu nemi makarantar kuɗi."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta tukuna. Ba a kori kowa ba, kuma babu tara. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai doka, akwai kuma abin da ya kamata ya dame mu a cikinta, sai dai ba shi ne abin da mai saƙon yake kururutawa ba.

Da farko, wane ne malamin shawara? Wasu a cikinmu kan kira shi kansila saboda yadda sunan yake a bakin Turawa, amma ba ruwansa da kansilan ƙaramar hukuma. Ma'aikacin makaranta ne mai digiri na biyu da takardar shaidar jiha. Shi ke zama da yaro su tsara darussan da zai ɗauka, shi ke bin diddigin makinsa don kada shekarar kammalawa ta zo a tarar da giɓi, shi ke nuna masa hanyar neman jami'a da tallafin karatu. Idan yaro ya rasa uwa ko uba, ko 'yan aji sun sa shi gaba, ko ya furta cewa ya gaji da rayuwa, ofishinsa ake nufa. Dokar ilimi ta Texas ta wajabta wa duk gundumar makarantu da ke da ɗaliban firamare 500 ko fiye ta ɗauki irin wannan malami, aƙalla ɗaya ga kowane ɗalibi 500. Wannan tanadi yana nan, babu wanda ya soke shi.

Dokar da ake magana a kanta ita ce SB 763. Sanata Mayes Middleton ne ya gabatar da ita, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a watan Yunin 2023, ta fara aiki ranar 1 ga Satumba na shekarar. Ta shafi makarantun gundumomi da makarantun cata, wato waɗanda gwamnati ke biya amma wata ƙungiya ke gudanarwa. Makarantun kuɗi ba sa ciki. Abin da ta ce shi ne gunduma tana iya ɗaukar malamin addini aiki, irin wanda ake gani a barikin soja ko asibiti ko gidan yari, ko ta karɓe shi a matsayin ɗan sa-kai, don ya tallafa wa ɗalibai a kan abin da hukumar gundumar ta ɗora masa.

Ku riƙe wannan kalma: tana iya. Dokar ba ta ce dole ba.

To daga ina maganar korar malaman shawara ta samo asali? Daga daftarin farko. Lokacin da aka shigar da ƙudurin majalisa, a rubuce yake cewa gunduma na iya ɗaukar malamin addini a maimakon malamin shawara, ya yi aikinsa. Wannan jimlar ce ta tayar da ƙura, jaridu suka ɗauka, ta zaga ko'ina. Kafin ƙudurin ya zama doka an cire ta. Mai saƙon murya yana karanto mana daftarin da bai tsallake majalisa ba, bayan shekaru da wucewar maganar.

Sai sashen da ya fi rikita mutane, kuma a nan ne kalmar dole ta shigo. Dokar ta tilasta wa hukumar kowace gunduma ta kaɗa ƙuri'a a bainar jama'a, a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa, cikin wata shida da fara aikinta, wato zuwa 1 ga Maris 2024. Ƙuri'ar a kan ko za su amince da tsarin kawo malaman addini ne ko ba za su amince ba. Abin da aka wajabta shi ne ƙuri'ar, ba amincewar ba. Da mutane suka ga kowace gunduma ta saka maganar a ajandar zamanta a lokaci guda, sai aka ɗauka umarni ne ya zo daga sama a aiwatar. Alhali sakamakon ya fito akasin haka: gundumomi 25 mafi girma a jihar, ciki har da na Houston da Dallas da Austin, duk sun ƙi buɗe sabon tsarin. Da yawa sun tsaya a kan abin da suke yi tun da can, cewa malamin addini na iya zuwa ya yi aikin sa-kai kamar kowane mutumin gari, bisa ƙa'idar da ta hau kan kowa. Akwai ƙananan gundumomi da suka amince, shi ya sa amsar tambayar ƙanwata ta dogara ga inda gidanta yake, ba ga jihar baki ɗaya ba. Abin lura kuma, malaman addini fiye da 100 a jihar, masu wannan aiki a asibitoci da sauran wurare, su da kansu suka sa hannu a wasiƙa suna roƙon gundumomi kada su amince.

Batun tara kuwa ƙirƙira ce tsagwaronta. Babu layi ɗaya a dokar da ya ɗora hukunci a kan uba ko uwa ko ɗalibi.

Yanzu ga inda nake ganin mai jin tsoro yana da hujja, kuma ba zan ɓoye ba. Dokar ta ce malamin addinin ba ya buƙatar takardar shaidar hukumar da ke tantance malaman jiha. Ba ta fayyace wane ne ya cancanci sunan ba, ba ta nemi wani horo ba. Abin da ta nema shi ne a binciki tarihinsa na laifi, kuma ta haramta ɗaukar wanda ke cikin rajistar masu laifin lalata. A zauren majalisar wakilan jihar, ɗan majalisa James Talarico ya nemi a ƙara sharaɗin neman izinin iyaye da kuma hana jan yara zuwa wani addini. An ƙi. Da jihar Florida ta yi tata dokar a 2024, ta saka sharaɗin izinin iyaye a rubuce. Ke nan abu ne mai yiwuwa, Texas ce ba ta so ba. Gaskiya ne dokar ba ta ambaci wani addini ba, liman ma na iya nema. Amma duk wanda ya zauna a ƙaramin gari a jihar nan ya san wanda zai fi samun kujerar, kuma yaro ɗan shekara tara da ke kuka ba ya iya bambance lallashi da wa'azi. Ni a ganina barin wannan ƙofa a buɗe rashin adalci ne ga duk iyayen da addininsu ba shi ne na mafi rinjaye ba, Musulmi ne ko Bayahude ko Kiristan da ɗariƙarsa daban.

Akwai kuma maganar kuɗi. Dokar ta yarda a biya malamin addinin daga kason tsaron makarantu. A 2023, shekara guda bayan kisan yara 19 da malamai 2 a wata makarantar firamare da ke garin Uvalde na jihar, kason nan dala 10 ne a kan kowane ɗalibi da dala 15,000 ga kowace makaranta, kuma a shekarar ce aka wajabta ajiye jami'i mai bindiga a kowace makaranta. Tukunya ɗaya ce ake ɗiba don mai gadi da kyamara da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Duk wanda aka ƙara a bakin tukunyar, wani ne zai rage loma.

Amma abin da ya fi ci min rai ba ya cikin saƙon muryar ko kaɗan. Malamin shawara yana nan, ba a kore shi ba, sai dai ɗanka zai yi wuya ya gan shi.

Ƙungiyar malaman shawara ta Amurka ta ba da shawarar malami ɗaya ga ɗalibai 250. A Texas, a 'yan shekarun nan, lissafin yana wajen ɗaya ga 390. Ku yi lissafi da ni. Kwantiragin wata goma kwana 187 ne. Idan malami ya yi awa takwas kullum bai ɗaga kai ba, awa 1,496 ke nan a shekara. A raba wa yara 390, kowane yaro bai samu awa huɗu ba a shekara guda. Wannan ma idan duk lokacin na yaran ne.

Ba nasu ba ne. Wata rana a lokacin jarrabawar jiha na je makarantar 'yata don a gyara mata wani darasi da aka saka ta bisa kuskure. Na tarar da ƙofar malamar shawara a rufe, an manna takarda cewa sai mako mai zuwa. Na hango ta a zauren cin abinci, tana tura keken kwamfutoci, da jerin sunaye a hannu tana duba wanda zai zauna a wane ɗaki. A bencin da ke bakin ofishinta akwai wani yaro zaune, jakarsa a kan cinya, ya sunkuyar da kai. Na yi kusan minti ashirin a wurin, ban ga wanda ya tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Ban ga laifin malamar ba, aikin da aka ba ta take yi.

Saboda irin wannan ne majalisa ta yi dokar SB 179 a 2021, wadda Sanata Eddie Lucio ya ɗauki nauyinta. Ta ce kowace gunduma ta kafa ƙa'ida cewa malamin shawara zai kashe aƙalla kashi 80 cikin 100 na lokacin aikinsa a kan ainihin aikin shawara. Ta kuma faɗa ƙarara cewa gudanar da jarrabawa da hidimarta ba ya cikin lissafin, sai dai lokacin da ya ɗauka yana nazarin sakamakon. Duk wanda ya karanta nan zai ce an gama magana.

Sai ka ci gaba da karatu ka tarar da ƙofar baya. Idan hukumar gunduma ta ga cewa saboda ƙarancin ma'aikata malamin ba zai iya cika kashi 80 ba, tana iya sauka ƙasa da haka. Sharaɗin kawai ta rubuta dalili, ta lissafa ayyukan da za ta ɗora masa, ta faɗi kason da ta yanke. Gunduma ce ke auna kanta da kanta kowace shekara, ta miƙa rahoton ga kwamishinan ilimi idan ya nema. Dokar ba ta yanka tara ba, ba ta ce za a rage wa gunduma kuɗi ba. Wace gunduma ce ba za ta iya cewa tana da ƙarancin ma'aikata ba? Wasu iyaye sun ɗauka kashi 80 haƙƙi ne da za su iya kai ƙara a kansa. A yadda aka rubuta shi, ya fi kama da alkawarin da mai yin sa ya riƙe wa kansa damar warwarewa. Amfaninsa ɗaya da ba zan raina ba: dokar ta ce a ajiye kwafin ƙa'idar a ofishin kowace makaranta, kuma iyaye na da ikon gani idan sun nema a lokacin aiki.

Albashi kuma bai taimaka ba. Malamin shawara yana kan jadawalin mafi ƙarancin albashi ɗaya da malamin aji da ma'aikacin laburare da nas. Daga 2019 har zuwa 2024 jadawalin ya tsaya a dala 33,660 a shekara ga sabon shiga, ya ƙare a dala 54,540 ga wanda ya yi shekara 20 ko fiye. Manyan gundumomi suna biyan abin da ya ɗara haka sosai, ƙauyuka ne ke maƙale kusa da ƙasa. Wanda ke gida zai juya kuɗin zuwa naira ya ce ai arziki ne, amma wanda ke biyan haya da inshorar lafiya da bashin digiri na biyu a nan ya san inda suke ƙarewa. A 2025 da majalisa ta amince da ƙarin kusan dala biliyan 8.5 ga makarantu, an ware wa malaman aji ƙarin dala 2,500 zuwa 8,000 gwargwadon shekarun aiki da girman gunduma. Malaman shawara ba su shiga wannan kaso ba. An haɗa su da sauran ma'aikata a wani kaso na dala 45 a kan kowane ɗalibi, gunduma ta raba yadda ta ga dama. A 2023 kuma, shekarar dokar malaman addini, an janye sharaɗin sai mutum ya koyar a aji shekara biyu kafin ya zama malamin shawara, don a samu masu shigowa. An sauƙaƙa hanyar shiga aikin, ba a gyara abin da ke sa mutane barinsa ba.

Abin da na ce wa ƙanwata ta yi shi ne ta bar maganar cire yara, ta shirya ta je ofishin makaranta. Ta tambayi yadda hukumar gundumarsu ta kaɗa ƙuri'a a kan SB 763, domin a rubuce yake kuma ba sirri ba ne. Idan sun amince, ta rubuta takarda da sa hannunta cewa ba ta yarda wani malamin addini ya keɓe da 'ya'yanta ba sai da saninta, ta ajiye kwafi. Sannan ta nemi a nuna mata ƙa'idar kashi 80, ta duba ko gundumar ta sauka ƙasa da haka, da kuma yara nawa ke hannun malamar da aka ba 'ya'yanta.

Bayan kwana biyu ta sake kira. Gundumarsu ba ta amince da tsarin ba tun farkon 2024, babu fasto ko ɗaya a makarantar. Malamar shawara kuwa ta ba ta ranar ganawa nan da mako uku.